Yadda zaka nemo 'yan ajinku na firamare ku haɗu tun ana da rai

Rasuwar wanda muka zauna benci ɗaya da shi tun daga aji biyu har aji shida sai bayan wata huɗu na ji ta, kuma a bakin mai faci na ji, na tsaya a liƙe min tayar babur yana hira da wani ya ambaci sunansa ya ce marigayi. Gari ɗaya muke fa, tsakanin gidana da nasa bai kai tafiyar minti ashirin a adaidaita ba. Shi ne yake gutsura min gurasarsa duk ranar da ba a ba ni kuɗin tara ba. Ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba, da na je gaisuwa 'ya'yansa suna ta kallona ba su san ni ba, sai da na yi ta bayanin ko ni wane ne a zauren mutumin da na san shi tun bai iya ɗaura tazugen wandonsa ba. Daga ranar na ƙudura sai na nemo sauran. Mun shiga aji ɗaya a 1982 mun fita 1988, kuma neman ya ci min kusan shekara, toh abin da na koya a ciki shi zan faɗa maka, ko kai namiji ne ko mace duk hanyar ɗaya ce sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Kar ka fara da waya. Kowa da waya yake farawa, ya buɗe guruf ya zuba mutum shida a ciki, kwana uku an gama gaisawa an yi shiru. Ka samu littafin rubutu sabo da biro, bayan isha in gida ya yi tsit, ka zana ajinku. Ina ƙofa take, ina allo, ina teburin malam, ina tagar da marfinta ya cire ake tsallakewa ta nan in an makara. Sannan ka bi layi-layi kana tuna wa ke zama a ina. Wallahi zaka sha mamaki, sunan da ka shekara talatin baka furta ba zai faɗo maka kawai don ka tuna shi ne na bakin taga, ko ita ce monita mai rubuta sunayen masu surutu, ko shi ne ake aika ya kaɗa ƙarfen nan na tayar mota da aka rataye a jikin darbejiya. In suna ya ƙi zuwa rubuta abin da ka tuna, mai tabon ƙuna a hannu, wanda babansa ke sayar da kananzir, wadda take zuwa da ƙanenta a goye. Wani zai cike maka gurbin daga baya. Kuma ka rubuta sunan tsokana a gefe, don shi mutane suka fi riƙewa, amma ka bar shi a littafinka tukuna, mutum ya zama kaka yanzu ba lallai ya so a kira shi da sunan a gaban jama'a ba.

Akwai matsalar suna da ya kamata ka sani tun yanzu. Da yawanmu sunan makaranta daban na gida daban. A gida Ɗanladi ne ko Talatu ko Babangida ko Uwani, a rajista kuma sunan yanka aka rubuta, wani ma sunan wansa ko kawunsa da ya kai shi makaranta aka liƙa masa a matsayin sunan uba, wani kuma da ya shiga sakandare ya ɗauki sunan unguwa ko na garinsu ya ɗora. Don haka in ka buga suna a Facebook baka samu ba, ba wai babu mutumin ba ne. Gwada da sunan unguwa, gwada da rubutu iri-iri, Muhammad da Mohammed da Moh'd, Aisha da A'ishatu, ka duba abokan wanda ka riga ka samu. Amma gaskiya Facebook kaɗan ya ba ni, waɗanda suka yi karatu mai zurfi ne a can, su kuma dama ba su ɓata ba.

Shekaru ma suna rikicewa, sai ka ji ana musu wannan saitinmu ne ko na bayanmu. Hanyar warware wannan ita ce a ɗaura tunani a jikin abin da kowa ya sani. Mu namu mai sauƙi ne, muna ƙananan aji Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilun 1983, shekarar da ta biyo aka yi canjin kuɗi aka kawo WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a, ana bin layi ko ba a so, sannan shekarar fitarmu 1988 aka yi ruwan nan da ya fasa dam ɗin Bagauda ya rushe gidaje a Kano. Na gabanmu suna lissafi da canjin hannun tuƙi na 1972, da zuwan naira da kwabo a 1973, da kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, da rikicin Maitatsine a ƙarshen 1980. Na bayanmu kuma su ce lokacin da aka ba da jihar Katsina a 1987, ko Jigawa da Yobe da Kebbi a 1991, ko rasuwar Abacha a 1998, ko husufin ranar nan na Maris ɗin 2006 da gari ya yi duhu da hantsi. Ka tambayi mutum, lokacin kaza kana aji nawa? Nan take zaka gane ɗan ajinku ne ko a'a. Ka tuna kuma akwai waɗanda aka maimaita wa aji suka dawo cikinku da waɗanda suka faro da ku ba su ƙarasa ba, aka cire su aka kai almajiranci ko aka yi musu aure ko aka yi wa mahaifinsu canjin wajen aiki. Ni a wajena duk wanda ya zauna ajin ko na zango ɗaya ne ɗan aji ne, ban yarda da a ce sai mai satifiket ba.

Daga nan sai makaranta. Ka je ranar aiki, da safe bayan an gama asambuli, ka sa kaya na mutunci, ka nemi ofishin hedimasta ka yi sallama ka zauna a gaisa sosai kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Kar ka shiga kana ɗaukar hoton azuzuwa kafin ka gaisa da kowa, za a ɗauka daga ofis aka turo ka bincike ko kuma ɗan jarida ne, kowa zai kama bakinsa. Ka ce ranka ya daɗe ni tsohon ɗalibin nan ne, shekara kaza na fita, so nake in ga rajistar ɗaukar ɗalibai ta shekarar da muka shiga. Wannan babban littafin shi ne maganin abin, a ciki ake rubuta lambar shiga da sunan yaro da na uba ko mai riƙo da unguwa da shekarar shiga, wani lokaci har da dalilin fita. Akwai kuma littafin da hedimastoci ke rubuta abubuwan da suka faru a makaranta, zuwan sufeto, canjin malamai, ranar da iska ta yaye kwano, in ya tsira daga gara da ɗigar ruwa zaka samu sunayen malamanku a ciki. Littafin rajistarmu a ƙasan wata tsohuwar kabad muka same shi, bangon ya cire, gefen takardun ya yi ja, amma rubutun nan na malaman da mai kyau kamar an buga yana nan raɗau, na ga sunana na ga na marigayi biyu a ƙasa da nawa, sai da na ɗan fita waje na dawo.

In an ce babu, kar ka karaya. Makarantu da yawa an gina su ne ko an faɗaɗa su lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, yara suka yi yawa, daga baya aka raba wasu gida biyu, aka canza wa wasu suna, takardu suka bi wani ɓangaren. Ka je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma wanda har yanzu mutane ke ce wa LEA, ka tambayi tsofaffin ma'aikata, ko ka nemi maigadin makarantar in tsoho ne, sau da yawa ya fi kowa sanin inda aka jibge tsofaffin littattafai. In an ba ka izini ka ɗauki hoton shafukan da wayarka a wajen haske, ba filasha, shafi ɗaya hoto ɗaya. Dan Allah kar ka watsa hoton rajistar a intanet, sunayen mutane ne da na iyayensu, amana ce aka ba ka.

Yanzu kana da sunaye, sauran aikin na ƙafa ne, kuma nan ne mafi yawa suke gajiya. Wanda ya zama likita ko babban ma'aikaci kira ɗaya zaka samu lambarsa. Wanda nake so ka nema shi ne wanda yake tura ruwa a kura, da wanda yake gadi a Legas, da wanda ciwo ya kwantar shekara biyar, da wadda aka aurar ƙauye tun tana aji biyar. In ba ka nemo waɗannan ba toh ba 'yan aji ka tara ba, ka tara waɗanda dama suna haɗuwa a ɗaurin aure ne. Ka koma tsohuwar unguwa ka fara da mai unguwa da limamin masallacin, sannan tela da wanzami da mai shagon da ya daɗe, sannan majalisar dattawa bayan la'asar. Ka ambaci sunan uba ko sunan gida, gidan mahauta, gidan mai goro, gidan malam wane, ya fi sunan yaron saurin kai ka. Amma wadda ta fi kowa amfani a wajena ita ce tsohuwar da take sayar mana da ɗanwake da 'yar tsala a bakin makaranta. Na same ta idonta ya yi rauni amma kanta garau, na ce Iya kin gane ni, ta ce faɗi sunan uwarka, na faɗa, ta ce kai ne mai cin bashin sisi ka ɓuya kwana biyu. Ita ta lissafa min inda mata bakwai na ajinmu suke aure, da unguwa da sunan gidan miji. In zaka je wajen irin waɗannan kar ka je hannu rabbana, goro ko sabulu ko ɗan abin cefane, kuma ka zauna, kar ka tsaya a tsaye kana duba agogo.

Maganar mata sai da lura. Namiji kar ya ɗauki waya ya kira matar aure kai tsaye wai ai 'yar ajinmu ce, zaka iya haɗa mata rigimar da ba ta ji ba ta gani ba. Ka samu mace ɗaya ko biyu cikin 'yan ajin su riƙe wannan ɓangaren, su za su shiga gida su gaisa su yi bayani, in da hali ma a gaisa da maigidan a faɗa masa manufar. Kuma yawancinsu yanzu ba a san su da sunan makaranta ba, sai Maman wane, don haka a tambaya da sunan gidansu na haihuwa. Wadda ta ce ba za ta shiga guruf mai maza ba a bar ta, a buɗe na mata daban, saƙo ya dinga isa gare ta ta nan. Haka kuma 'yan ajinku da ba Hausawa ba, 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan sanda da malaman asibiti da suka koma garuruwansu, Musulmi da Kirista, a neme su, wasu sun fi ka kewar unguwar kuma Hausarsu tana nan.

Sai ka tara kamar mutum goma sha biyar sannan ka buɗe guruf a WhatsApp. Adimin kar ya wuce uku, kuma a faɗi doka tun ranar farko da murya, ba a rubuce kawai ba, don akwai waɗanda karatun ya yi musu nisa kuma ba za su faɗa ba. Ba siyasa, ba musun aƙida, ba tura bidiyon da aka ce ka tura wa mutum goma, ba tallan kaya sai ranar da aka ware. Siyasa da gardamar malamai su suka fi kashe irin wannan guruf, na ga wanda ya watse cikin sati ɗaya lokacin zaɓe, mutanen da suka sha ruwa a famfo ɗaya suka koma ba sa gaisawa. A ƙarfafa saƙon murya, jin muryar mutum bayan shekara talatin daban ne da ganin rubutunsa. Kuma a ja kunnen kowa, duk wanda ya kira ka ya ce daga guruf ne za a yi miting ta waya ka karanto masa lamba shida da aka turo maka, ɓarawo ne, ƙwace maka WhatsApp zai yi ya bi 'yan ajin yana roƙon kuɗi da sunanka. Kowa ya shiga saitin WhatsApp ɗinsa ya kunna makullin nan na biyu mai lambar sirri. Waɗanda ba su da babbar waya kuma a raba su, kowane mai waya ya ɗauki mutum biyu ko uku, duk abin da aka yanke ya kira su ya faɗa musu.

Kuɗi. Nan nake so ka saurare ni da kyau don nan zumuncin yake mutuwa ko ya rayu. Kar a yanka wa kowa adadi, kar a yi anko, kar a kama hol a otal, kar a buga jerin sunayen waɗanda suka bayar da nawa suka bayar. Ranar da ka ce kowa ya kawo kaza kuma ga kuɗin shadda, wanda ba shi da shi ba zai ce ba shi da shi ba, zai ce yana da uzuri ranar, shikenan kun rasa shi kuma ba zai sake ɗaga wayarku ba. A samu ma'aji mutum biyu da kowa ya yarda da su, mai bayarwa ya tura musu a asirce, su kuma su faɗi jimillar abin da ya shigo da abin da aka kashe, da rasit, kowane wata. Mai hali ya bayar da yawa ya yi shiru. Wanda zai taso daga nesa kuma an san ba shi da kuɗin mota, mutum ɗaya ya kira shi a gefe ya tura masa, kar guruf ya ji. Maganar rajistar ƙungiya da buɗe asusun banki da tsarin mulki da zaɓen shugabanni ku bar ta sai an haɗu sau biyu ko uku, in kuka fara da rabon muƙami rigima zaku fara da ita.

Rana kuma, mu mun ga bayan sallah ya fi, don mutanen da ke kudu da Abuja suna gida. Amma a kauce wa ranar idi da ranakun hawa, a Kano dai in ka sa ranar hawan Daushe ko hawan Nasarawa rabin mutane suna wajen kallo da yara, sauran kuma hanya ta toshe musu. Kwana na huɗu ko na biyar ya fi. In akwai manoma da yawa a cikinku kar a sa tsakiyar damina ko lokacin girbi. A fara da hantsi a tashi kafin la'asar saboda mata su koma gida da wuri. Wuri kuwa makarantar ce, ba wani waje ba, a nemi izinin hedimasta tunda ana hutu, a share aji ɗaya, in ajinku na nan shi za a buɗe. Tabarma da kujerun roba sun isa, mata gefe maza gefe, ba babban tebur, ba kujerar manyan baƙi. Wanda ya zo da direba da wanda ya zo a ƙafa duk wuri ɗaya.

Abinci ku yi na lokacin. Gurasa bandashe, ɗanwake da mai da yaji, rogo da ƙuli, awara, rake, sannan a aika kasuwa a samo goruba da magarya da aduwa da ɗinya in lokacinsu ne, da hanjin ligidi da carbin malam da tuwon madara da alawar nan mai manne wa haƙori. Da aka ajiye farantin goruba a namu, wani dattijo da furfura ya ɗauka ya gwagwiya sai ga hawaye, ya ce rabonsa da ita tun mahaifiyarsa na da rai. Shinkafa da kaza ba za ta yi wannan ba.

Bayan addu'a, abu na farko a kira rajista. A ba tsohon monita ko malami in akwai, ya kira suna ɗaya-ɗaya yadda yake a littafin, wanda yake nan ya amsa kamar da, wanda ba ya nan a faɗi inda yake, wanda ya rasu a tsaya a yi masa addu'a kafin a wuce. Kar a yi sauri a nan. Kuma kar a ce kowa ya tashi ya faɗi aikinsa da muƙaminsa, wannan gabatarwar tana sa wasu sunkuyar da kai. A ce kowa ya faɗi inda yake zama a aji da abu ɗaya da ba ya mantawa. Daga nan hira zata ɓalle da kanta, ranar da aka kai mutum aka ce ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa kafin a ɗauke shi, macin 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba da farin kambas da aka shafa wa alli, goge allo da gawayi da ganye, tsintar takarda da safe, bulalar latti, duban farce da haƙori ranar Litinin, ranar ba da sakamako da ake kiran na ɗaya har na ƙarshe, daren jarrabawar kwaman entarans. Masu ƙarfin gwiwa su gwada langa a fili, mata su tuna carafke da waƙoƙin gaɗa, a kawo yara su gani, yawancinsu ba su taɓa ganin motar kara ko ƙwallon tsumma ba. Amma a kula, ba kowane tuni ne mai daɗi ga kowa ba. Wanda kullum shi ne na ƙarshe, ko wanda aka taɓa yi wa ihu don ya yi fitsari a wando, kar a mayar da shi abin dariya a gaban 'ya'yansa. In ma kai ka zalunci wani a lokacin, ka ja shi gefe ka nemi afuwa, yana sane, bai manta ba.

A sa mutum ɗaya, matashi cikin 'ya'yanku ya fi, aikinsa kawai ɗaukar murya. Waya mai caji da wuri a ciki, a ajiye kusa da mai magana, a nemi izini kafin a ɗauka, musamman bidiyon mata. Duk mai tsohon hoto ya zo da shi, hoton aji shida ko na maci ko katin sakamako, a ɗauka a inuwa a mayar masa da kayansa nan take, kar a ce a ba ni aro, haka hotuna ke ɓata. A tura su a matsayin dokumen don kar su dushe, a ajiye a wuri biyu ko uku, Google Drive da filashi da kuma a wanke wasu a takarda, sannan a rubuta sunan kowa a bayan hoton daga hagu zuwa dama tun masu ganewa suna nan.

Irin wannan ɗaukar muryar ka yi ta a gida ma, kar ka tsaya a makaranta kawai. In mahaifiyarka na da rai ka zauna kusa da ita da daddare, kar ka ce ba ni labarin yarintata, zata ce me zan ce maka. Tambaya ƙarama ake yi. Wa ya kai ni makaranta ranar farko, na yi kuka? Wa ya ɗinka min yunifom? Ina rijiyar take kafin a cike ta, wace bishiya ce a tsakar gida, wa yake yi mana tatsuniya, wane malami ne a makarantar allo kuma nawa ake ba mu kuɗin Laraba, wane tashe muke yi in azumi ya kai goma? In kai ɗan fari ne ka san ba zata sake da kai ba, kunya ba zata bar ta ba, toh ka nufi goggo ko inna ko yayar da ta goya ka, su za su faɗa maka har abin da baka tambaya ba. Ka bi tsohuwar hanyarku daga ƙofar gida zuwa makaranta a ƙafa, da ɗanka ko 'yarka, kana nuna musu nan kududdufi ne da, nan injin niƙa, nan karen da muke gudu. Unguwanni suna canzawa da sauri, gidan ƙasa ya zama bene, filin ƙwallo ya zama shaguna.

Malamai kuma kar a aika musu katin gayyata a zauna jira. A tashi mutum uku ko huɗu a je har gida, a durƙusa a gaishe su, a ce Malam ɗalibanka ne na shekara kaza. Yawancinsu masu takardar koyarwa ta Grade II ne da suka ƙare aiki suna jiran fansho, wasu ba sa iya fita. Wanda zai iya zuwa a ɗauko shi a mota a mayar da shi, wanda ba zai iya ba a kai masa abincin taron da turmin shadda ko abin da ya sawwaƙa, a cikin ambulan, ba tare da kyamara ba. Malamin lissafinmu da muke tsoro kamar me, mun same shi a zaure a kan buzu, ya riƙe hannun kowannenmu yana tambayar sunan uba, ya ce tunda ya bar aiki ba wani saiti da ya taɓa zuwa.

In kuɗi ya yi saura ku tambayi hedimasta da kwamitin iyaye me makarantar ta fi buƙata kafin ku yanke, kar ku je ku yi fenti a bango ku rubuta sunan saitinku alhali yara a ƙasa suke zama ko famfo ya lalace ko banɗakin 'yan mata ba ƙofa. Ku sayi kayan da kanku ku kawo kafinta ko birkila, ya fi a ba da kuɗi a hannu. Amma kafin makaranta ma, ku fara duba gidajen waɗanda aka amsa musu da Allah ya ji ƙansa lokacin kiran rajista. A rubuta su, 'ya'ya nawa suka bari, wa ke makaranta, wa ke riƙe da su. A raba gidajen tsakaninku, kowane gida da mutum biyu da za su dinga leƙawa, da azumi da sallah da lokacin komawa makaranta. Ni gidan abokin bencina aka ba ni. Ƙaramin ɗansa yana aji uku yanzu a makarantar tamu, ranar Asabar nake zuwa in duba littattafansa, kuma na kai masa hoton shafin rajistar nan na nuna masa sunan babansa da nawa.